Igiya Mai Ƙulli Uku

Abbas ne ya fara. Suna zaune a rumfar mai shayi ta bakin tashar Bagudo bayan la'asar, Zayyanu ya iso a kan mashin, ya ci sabuwar shadda, waya a hannu. Abbas ya ɗaga kofinsa ya ce, "Ku ba shi wuri, ga mijin Surayya nan."

Aka yi dariya. Zayyanu ma ya yi, amma tasa iyakarta haƙora.

"Wallahi ba ba'a nika ba," in ji Abbas. "Ran kasuwar Lolo wata mata ta tare ni, wai in ni mutumin Bagudo na, in kwatanta mata gidan Surayya mai kayan ɗaki. Nic ce ko Zayyanu kika nufi? Tac ce wane Zayyanu kuma?"

Dariyar ta biyu ta fi ta farko ƙarfi. Zayyanu bai shanye shayinsa ba ya tashi.

Wata bakwai ke nan da ya buɗe shafi a Fesbuk da Wasaf mai suna Zayyanu Kayan Ɗaki. Shi ya sayi wa shafin waya daban da tasa, shi ke sa data, shi ke kai oda wurin Malami kafinta ya karɓo. Ba su da shago. Tallarsu duka hoton ɗakin matarsa ce: kujeru, madubi, da gadon da mahaifinta, marigayi Malam Arzika kafintan Zagga, ya yi mata da hannunsa. Shi ne aikinsa na ƙarshe. Jan maɗaci ne, babu ƙusar ƙarfe ko ɗaya a jikinsa, da ƙusoshin itace aka kulle shi, an sassaƙa ganyen rogo a allon kai. Duk wadda ta ga hoton nan sai ta tsaya ta yi tambaya.

Masu tambayar mata ne, iyayen amare, kuma yawancinsu saƙon murya suke turowa. Surayya ce ke amsa su. Ta tashi cikin ƙurar katako tana riƙe wa babanta itace, ta san wanda ya bushe da wanda zai lanƙwashe bayan damina. Tana jin yaren Dendi kaɗan daga wajen kakarta, don haka matan Illo da na hayin Benin suka saki jiki da ita. Kuma ba ta karɓar oda sai ta ce, "Inna, ki samo igiya. Ki auna faɗin ƙofar ɗakin ki yi ƙulli. Ki auna faɗin katifa ki yi ƙulli, ki auna tsawonta ki yi ƙulli. Ki ba direba ya kawo." Haka babanta yake yi, domin mutane da yawa ba su da tef ɗin awo, masu shi ma kowa da irin lissafinsa. A wata bakwai ba a taɓa dawo musu da kaya ba.

Da ya shiga gida ya tarar da ita a bakin ƙofa, ta jingina da bango saboda cikinta na wata biyar, tana dariya da wata a waya. Ya tsaya a kanta har ta gama.

"Ba ni wayag ga."

Ta miƙa masa. "Wata ce daga Geza, Maigida. Wai madubi—"

"Sunan wa ar rubuce a shahin nan?"

"Naka."

"To mi ya sa gari duka ke kiran naki? Ke kika hwaɗa masu ke am mai kayan?"

"Ni ban ce ma kowa komi ba. Suna tambayar sunana ne in mun gaisa."

"Daga yau ba sauran gaisuwa." Ya zura wayar a aljihu. "Ni zan amsa abina."

Inna Abu, mahaifiyarsa, tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Da ma ni abin bai kwanta mani ba. Matar aure da waya a kunne tun safe, wa ya san wa ka magana can ciki? Ki huta, ɗiyata. Ga ciki ga surutu."

Surayya ta ce, "To, Inna." Wayar nan ita ce kaɗai a ɗakin. Da ita take jin muryar mahaifiyarta a Zagga ranar Juma'a. Ba wanda ya tuna da wannan, ita ma ba ta faɗa ba.

Zayyanu ya kama amsa saƙonni. Mace za ta turo murya ta minti uku, ta gaishe da gida, ta ba da labarin ɗiyarta da mijin da za ta aura, shi kuwa sai ya rubuta mata farashi kawai. Wasu suka ce ina yarinyar da ke magana da? Ya ce ba ta nan. Da suka sake tambaya ya daina buɗe saƙonsu. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yadda suke faɗin sunan, a sake, kamar 'yar ɗakinsu.

Oda ta ja baya. Sai ga wani ma'aikacin ƙaramar hukuma yana son madubi a ranar, ba zai jira kafinta ba. Zayyanu ya shiga ɗaki da ɗan dako, suka ɗauki na Surayya. Ta zube kwalaben turarenta da man shafawa a kan tabarma tana kallonsu.

"Samfur na," ya ce. "Kowane kamfani haka yaka yi. Sati guda Malami zai yi maki wanda ya hi shi."

Sati ya wuce, aka shiga na uku. Maimakon madubi ya dawo, kujerun ne suka bi shi, zuwa gidan wani a Zagga, garinsu. Surayya ta roƙe shi ko wani gari ne a kai su, kada danginta su shiga gidan mutane su zauna a kan kujerunta. Ya ce kasuwa ba ta san wannan ba. Inna Abu ta ce, "Ai duk gida guda na. Abin da ya samu, cikinki zai shiga." Baƙi in sun zo, a bakin gado suke zama. Surayya ta daina son a zo.

Ana nan Hajiya Ni'ima ta Segbana, can hayin Benin, ta turo oda. Surayya ta taɓa yi wa babbar ɗiyarta kaya, yanzu ƙaramar za a aurar, tana son gado kafin ranar jere, saura sati uku. Ta san tsarin, don haka ba a tambaye ta ba ta aiko da igiya ta hannun Sadisu direba, mai jigila ta hanyar Tsamiya, garin bakin iyaka. Sadisu ya miƙa wa Zayyanu a tasha, a gaban mutanen rumfar shayi, ya ce, "Hajiya tac ce a ba Surayya hannu da hannu."

Abbas ya leƙo. "A'a, wasiƙar manaja ce? Kai ɗan aike, yi maza ka kai mata."

Zayyanu ya dunƙule igiyar. Da ya isa gida ya jefar da ita a tsakar gida, kusa da turmi.

Washegari da hantsi Surayya ta fito zubar da ruwa ta ga akuyar Inna Abu ɗaure a jikin turke da sabuwar igiya shuɗiya. Ta matsa ta duba. Ƙulli uku. Na farkon ma akuya ta fara tauna shi. Ta durƙusa da ƙyar ta kwance, ta ɗaure akuyar da wani tsumma, ta tsaya a zaure tana jiran mijinta.

"Maigida, wagga igiyar awo ce. Ta wa ce?"

"Wa ya aike ki?"

"In ta hayi ce, don Allah ka kai ma Malami ita. Katifarsu ba irin tamu ba ce. Su da santimita suka awo, mu da ƙafa. Baba ya sha hwaɗin—"

"Baba, Baba! Ni kamfani nika ginawa, ba rumfar ƙauye ba. Mutane na kallonmu har Kwatano, ki ce in riƙa yawo da igiyar akuya?" Ya fizge ta daga hannunta ya wurga bayan katanga. "Na kira matar, ta ba ni lamba. Ɗari da sittin. An gama."

A wurin Malami, kafintan ya sosa ƙeya da fensir ya ce, "Ɗari da sittin ɗin mi? Tef ɗina ta gefen santimita ya goge. Ina igiyar da aka saba aikowa?"

"Ƙafa shida da biyar na," in ji Zayyanu. "Yi shida da biyar."

"Ka tambayi uwar ɗakinka dai."

Zayyanu ya dube shi har sai da Malami ya sunkuyar da kai ya ja zarto.

Gadon ya yi kyau, ba laifi. Aka loda wa Sadisu, ya tsallaka da shi. Kwana biyu ya dawo da shi ɗaure a saman mota. Katifar amarya ta ƙi shiga, ta fi gadon faɗi da yatsu huɗu, tsawon ma ta zarce. Hajiya Ni'ima ta turo murya, ba faɗa take yi ba, kuka take son yi. Jere saura kwana huɗu, dangin ango sun san an yi oda daga Najeriya. "Ina Surayya?" ta ce a ƙarshe. "Ku ba ni Surayya mu yi magana. Ita ba ta taɓa ba ni kunya ba."

Zayyanu ya saurari saƙon sau uku a zaure. Ba kuskuren ne ya tsaya masa a wuya ba, jimlar ƙarshen ce. Malami ya ce ko zai mutu ba zai iya sabon gado da fenti ya bushe a kwana huɗu ba.

Da azahar Zayyanu ya shiga ɗaki da tef a hannu. Surayya tana kwance, ƙafafunta sun kumbura. Ya ja tef daga wannan gefen gadon zuwa wancan. Ta tashi zaune a hankali. Ta san abin da zai gani, domin katifarta ma daga Segbana babanta ya sayo, a jikinta ya auna gadon.

"A'a," ta ce.

"Ban ce komi ba tukuna."

"Ka ɗauki madubi ban yi magana ba. Ka ɗauki kujeru. Wanga kam a'a, Maigida. Shina ciwo yac ƙare shi. Zaune yaka sassaƙa ganyen ga, ni ka riƙe mai fitila."

"Aro na. In biki ya wuce—"

"Wa ka karɓo gado daga ƙarƙashin amarya?"

Ya ɗaga murya. "Wato ke kin hi son sunana ya ɓaci! Da ma abin da kike jira ke nan, a ce ba ke, ba kamfani. Hala ma ke kika hana a gane awon."

Inna Abu ta shigo tana gyara ɗaurin zane. "Mi ya yi zahi haka? Surayya, itace na fa. Mu da munka haihi 'ya'ya tara bisa gadon kara, mun mutu? Rufin asirin mijinki ai naki na. Malam Arzika da shina raye, shi zai ce ki ba shi."

"Da shina raye, Inna, da ba a shigo da tef ɗakin ga ba."

Ba ta taɓa mayar wa surukarta magana ba sai ranar. Inna Abu ta riƙe haɓa ta fita tana salati, tana faɗa wa maƙwabta ta kan katanga cewa waya ta lalata yarinya.

Aka kira Malami ya kwance gadon. Ya zagaya shi sau biyu, ya leƙa ƙasa, ya shafa kusurwa, ya miƙe. "Ni ban ga inda zan fara ba. Ba ƙusa, ba noti. Aikin manya na. In na taɓa, ɓarna zan yi."

Zayyanu ya karɓi gudumar daga hannunsa. Ya ɗaga ta saitin inda allon kai ya haɗu da ƙafa.

"Tsaya!" in ji Surayya.

Ta sauko. Ta ce a ɗage katifar. Ta durƙusa a kan gwiwa, cikin wata bakwai yana taɓa cinyarta, ta sa hannu ƙarƙashin katakon gefe ta lalubo wata 'yar ƙusar itace da ba a gani daga waje. Ta buga ta a hankali da gindin muciya, ta zare. Sai ta biyu. Akwai wadda ba ta fita sai an fara cire 'yar'uwarta, ta san su bi da bi. Malami ya tsuguna yana kallon hannunta, bakinsa a buɗe. Gumi yana ɗiga daga haɓarta a kan jan itacen, tana sharewa da gefen mayafi kada ya yi tabo. Ƙusoshi goma sha shida ta zare. Ta sa gawayi ta yi wa kowace alama da ramin da za ta koma, ta ƙulle su a ɗankwalinta. Allon kai kuwa ta naɗe shi da zannuwanta biyu saboda gargadar hanyar Tsamiya.

"Ka hwaɗa masu su bi alamar," ta ce wa Sadisu da ya zo ɗauka. "Kada su sa mai guduma. Kuma a riƙa shafa mai man gyaɗa in rani ya yi."

Ba ta fito ta ga tashin motar ba.

Zayyanu ya ce ta ɗauki gadon da aka dawo da shi, sabo fil, ta ma ci riba. Aka shigo da shi, katifarta ta ƙi shiga, kamar yadda ta amarya ta ƙi. Aka fitar da shi zaure, bayan kwana biyar wani ya saya. Katifar ta zauna a ƙasa. Damina ce, sanyi yana tasowa daga siminti, gefen katifar ya fara baƙi. In Surayya za ta tashi sai ta mirgina ta dafa bango, wani lokaci ta yi yunƙuri uku. Bayanta ya riƙe. Inna Abu ta ce kowace mai ciki haka take, raki ne na 'yan zamani. Zayyanu ya ce Malami na da aiki da yawa, ta ƙara haƙuri.

Shi kuwa a waje sai fara'a. Hajiya Ni'ima ta turo hotunan jere, mata sun cika ɗakin amarya suna shafa ganyen rogon. Ya ɗora hotunan a shafi, ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a kai. Bayan sati biyu Sadisu ya kawo masa leda cike da igiyoyi, tara, kowace da 'yar takarda mai sunan mai ita. Duk irin gadon nan suke so, shi sak.

Ya kai wa Malami hoto. Malami ya ce, "Daga hoto? Ka kawo mani gadon in ajiye gabana wata guda, ita kuma ta zauna ta nuna mani, watakila."

Ya koma gida da ledar, ya zube igiyoyin a gaban katifa. Bai zauna ba.

"Tashi ki hwaɗa ma Malami yadda aka haɗa shi. Kuma wanne a ƙullin ƙofa cikin waɗanga?"

Surayya ta dubi igiyoyin, ta dube shi. "Kwancewa na iya, don na ga ana kullewa. Wanda ya san yadda aka yanka shi shina kwance a Zagga. Abu guda ya bar mani da za a duba a koya, ka sa a mota."

"Baƙin ciki kike yi da ni."

Ta juya fuskarta bango.

Ranar Lahadi Gwaggo Barira, ƙanwar Malam Arzika, ta zo daga Zagga ɗaukar Surayya goyon ciki, tunda haihuwar fari a gida ake yi. Inna Abu ta tare ta a tsakar gida da fura da tabarma, tana ta jan hira. Gwaggo ta ce bari dai ta ga ɗiyarta. Ta ɗaga labule ta tsaya. Ita ta yi jeren ɗakin nan da hannunta. Yanzu ba komai sai katifa a ƙasa, kwalabe a jere a gindin bango, da tabo huɗu a siminti inda ƙafafun gado suka zauna.

"Abu," ta kira, ba ta waiwaya ba. "Ina gadon Malam?"

"Ai yaran ga da sana'arsu ta zamani… aro anka yi, za a—"

"Ɓarayi sunka shigo?"

"Subhanallahi, wane irin ɓarayi?"

"To gara ɓarayi. Su ba su cewa a yi masu godiya." Ta shiga ta kama Surayya ta ɗaga ta. "Tashi, uwata. Ɗauko mayahinki. Akwai sauran abin ɗauka? Babu. To mu tahi."

Surayya ta haifi ɗa namiji a Zagga, aka sa masa Arzika. An yi suna, an gama wanka, kwana arba'in sun wuce, ba ta dawo ba. Da Zayyanu ya aika manya biko, dangin ba su nemi saki ba, ba su kai ƙara wurin alƙali ba. Magana ɗaya Gwaggo Barira ta ba su: kayan ɗaki na mace ne, kowa ya sani. Sun yafe madubi, sun yafe kujeru. Ya je Segbana da ƙafarsa ya faɗa wa Hajiya Ni'ima gadon wa ya sayar mata. In ta dawo da shi, to. In ta ƙi, sun ji, Surayya za ta koma ko a kan tabarma ne. Faɗar kawai suke so.

Sadisu ya ce shi zai kai shi kyauta, kuma ya san Hajiya, mace ce mai tsoron Allah, in ta ji ba za ta bari ɗiyarta ta ƙara kwana a kai ba. Daga Bagudo zuwa Segbana ba tafiyar kwana ba ce. Mai sammako zai je ya dawo ya yi la'asar a gida.

Wata biyar ke nan Zayyanu bai je ba. Zai iya tsallaka iyaka, abin da ba zai iya ba shi ne ya tsaya gaban matar nan ya ce aikin da ake yabo ba nasa ba ne, muryar da ake nema ma ba tasa ba ce. Inna Abu tana gaya wa masu tambaya cewa dangin Zagga sun fifita itace a kan aure. A rumfar shayi an daina ce masa mijin Surayya, Abbas ma ya koma tsokanar wani, kuma ba wanda ya taɓa cewa da bakinsa a cikin abin da ya faru.

Shafin yana nan. Hoton gadon ne har yau a samansa. Makon jiya Zayyanu ya ɗora bidiyo, yana zaune a kan mashin da shaddarsa, yana ba matasa shawara kan abin da ya koya a harkar kayan ɗaki ta intanet. Ya ce a nemi waya mai kyamara mai kyau. Ya ce a yi haƙuri da kwastoma. Ya ce babban darasin da ya koya shi ne kada mutum ya sa iyali cikin kasuwancinsa, domin na kusa da kai su ne ba sa son ci gabanka. Mutum ɗari biyu da wani abu suka danna masa alamar so.

A ƙasan bidiyon wata mata daga Illo ta rubuta cewa ta aiko da igiyarta tun kafin sallah, shiru, ko Surayya ta samu? Bai amsa ba. Igiyoyin suna rataye a ƙusa a zaure, sun koma bakwai. Inna Abu ta ɗauki biyu, akuyarta ta haihu.